Audugar mata mai wankewa da muka raba wa ɗalibanmu: ga ra'ayina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata kan audugar nan ta mata mai wankewa, wai tana da kyau ko kuwa asarar kuɗi ce in mutum ya saya don ya raba wa yara 'yan makaranta, toh amsata ita ce tana da kyau, ku saya, amma don girman Allah kar ku saye ta ita kaɗai ku je ku miƙa wa yara a asambili a ɗau hoto ku koma gida da tunanin an gama aiki, domin audugar ba ta aiki sai da wasu abubuwa a gefenta, kuma su ne zan fi tsayawa a kai.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, jeka-ka-dawo, can gefen birnin Kano. Yawancin yaranmu iyayensu leburori ne da masu tuƙa adaidaita sahu da masu facin taya, iyaye mata kuma masu ƙosai da awara da wankau. Duk malamar da ke riƙe da rajistar aji in dai tana lura za ta ga wannan abin: yarinya mai ƙoƙari wadda ba ta wasa da makaranta, amma duk wata sai ta ɓace kwana biyu ko uku, in ta dawo ki tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce Malama zazzaɓi na yi. Ba ƙarya take son yi ba, kunya ce. Tana fashin salla ne kuma babu abin da za ta sa wanda zai riƙe ta daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa ƙarfe biyu, ga farin wando ga farin hijabi, ga tafiyar ƙafa zuwa gida ta gaban majalisar samari. Tsumman da take kunzugu da shi a gida yana iya riƙe ta tana zaune a ɗaki tana canzawa, amma ba zai kai ta tashi daga makaranta ba. Yarinyar da ta taɓa ɓaci sau ɗaya a aji aka yi mata dariya, wallahi ko da bulala ba za ki sake fito da ita a irin wannan ranar ba.

Kuma ba wai iyayen ba su damu ba ne, tsada ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, komai ya tashi har da auduga. Kamfanin P&G mai yin audugar Always ya sanar a Disambar 2023 cewa ya daina ƙera kaya a Najeriya sai dai ya riƙa shigowa da su daga waje, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Kotex shi ma ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. An yi dokar kuɗi da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2020 wadda ta cire harajin VAT daga audugar da aka yi a cikin gida, abu ne mai kyau, amma mu da ke saye a shagon unguwa ba mu ga sauƙin a hannu ba domin tashin dala ya cinye shi. Yanzu a unguwarmu fakiti ɗaya mai ɗan dama-dama da wuya ki samu ƙasa da ɗari takwas, masu suna kuwa sun haura dubu. Uban da ke da 'yan mata uku ga matarsa, yana fama da kuɗin awon masara, ta ina za a fara ce masa a kawo kuɗin auduga, balle ma 'yar ba za ta iya buɗe baki ta faɗa masa ba.

Shi ya sa mu malamai mata muka yi karo-karo a tsakaninmu, wasu tsofaffin ɗalibai suka ƙara mana, muka ba wata ƙungiyar mata teloli a cikin gari aikin ɗinka mana mai wankewa. Muka fara da 'yan aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare saboda a nan ne yawanci suke fara gani, kuma a nan ne in yarinya ta fara fashi ake fara maganar ai gara a cire ta kawai.

Ga yadda kayan yake. Saiti ɗaya mun saye shi naira 4,500, a ciki akwai auduga biyar, uku na rana biyu dogaye na dare ko na ranar da jini ya yi yawa, sai 'yar jaka mai leda a ciki ta zuba wadda aka cire. Kowace ɗaya shafi uku ce. Saman da ke taɓa jiki yadi ne mai laushi kamar na bargon jarirai, tsakiya an jera tawul mai shan ruwa, ƙasa kuma wani yadi ne mai santsi da ba ya bari ruwa ya wuce. Tana da fukafukai biyu da maɓalli irin mai ƙaras ɗin nan da ake dannawa, sai a naɗo su ta ƙarƙashin kamfai a maɓalle. In an cire sai a naɗe ta gida uku a maɓalle ta koma 'yar dunƙule kamar walat, a jefa a jaka babu wanda zai san mene ne. Wannan dabarar naɗewar ta burge ni sosai domin ita ce ke ba yarinya damar canzawa a makaranta ta taho da ita gida. Launi kuma mun zaɓi ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi mai duhu, ina ba kowa shawarar haka, fari ko ruwan hoda yana riƙe tabo ko an wanke tas, yarinya kuma in ta ga tabo sai ta ɗauka ba ta fita ba ta jefar.

Na sa ta da kaina kafin mu raba, domin ba zan ba 'yar wani abin da ban san yadda yake a jiki ba. Maganar gaskiya ta fi ta kanti laushi, babu wannan zafin da gumin da ledar ta kanti ke jawowa a cinya lokacin bazara, babu kuma ƙaiƙayin da wasu ke samu daga masu turare. Shan jini kuma tana sha, ta rana tana kai ni awa huɗu zuwa biyar a rana ta biyu wadda ita ce ta fi yawa, doguwar kuma tana kwana lafiya. Inda ta gaza shi ne kauri, kina jin ta a jikinki musamman doguwar, kuma tunda babu gam a ƙasanta kamar ta kanti, in kamfan ya saki sai ta riƙa zamewa gaba ko baya in ana tafiya mai nisa.

Toh a nan ne muka ci karo da abin da ba a faɗa a wajen taron rabon kaya. Auduga mai maɓalli sai da kamfai, kamfan ma mai kama jiki. Bayan rabo da ɗan lokaci wata yarinya 'yar aji biyu ta tsaya bayan an tashi, ta jira kowa ya fita, ta zo ta tsaya jikin teburina tana murza bakin hijabi ta ce Malama abin nan da kuka ba mu ni ban sa ba. Na ce me ya sa 'yata, bai yi miki ba ne? Ta ce a'a yana da kyau, ba ni da abin da zan maƙala shi ne, guda ɗaya gare ni kuma robar ta mutu. Na rasa abin da zan ce mata na ɗan lokaci. Da muka bincika a hankali ta hannun shugabannin aji sai muka tarar ba ita kaɗai ba ce, da yawa haka suke. Dole muka koma Kantin Kwari muka sayo kamfai dozin-dozin na yadin auduga muka bi su da shi bibbiyu. Duk wanda zai yi wannan alheri ya sa kuɗin kamfai a lissafi tun farko, in ba haka ba ya ba da doki ne babu linzami.

Sai maganar wanki. Shi wankin kansa ba wuya, a jiƙa a ruwan sanyi na ɗan lokaci, kar a sa ruwan zafi domin yana kama jinin ya zauna a yadi, a zubar a sa sabulun wanki a cuɗa a ɗauraye har ruwa ya fita fes, ban da bilic domin yana cinye shafin ƙasan. Amma ruwan fa? A unguwannin yaranmu famfo ya daɗe da ƙafewa, jarka ake saye wajen 'yan garuwa naira ɗari zuwa ɗari biyu, ya danganta da lokaci, yarinya kuma ba ta isa ta ɗebi rabin jarka ta shiga banɗaki da shi ba tare da an tambaye ta me za ta yi ba. Sabulu ma haka, gidan da ake yanka sabulu ɗaya gida huɗu. Kuma ba a wanke irin wannan a bokitin da ake ɗiban ruwan girki ko na alwala, ana son ɗan bokiti ko roba nata na kanta. Duk da haka in kin yi lissafi riba tana nan: fakitin ɗari takwas sau goma sha biyu ya kama 9,600 a shekara, in fakiti ɗaya na isar ta kenan, wanda ga wasu ba ya isa, wannan kuwa 4,500 ce kuma masu ɗinkin sun ce tana wuce shekara in ana kula da ita, ni ma yadda na ga tawa ta riƙe na yarda.

Amma babbar matsalar, wadda ta fi damuna har yanzu, ita ce shanya. Wannan audugar dole ta bushe ƙarau a rana, in ba ta bushe ba aka mayar jiki toh an gudu ba a tsira ba, ƙaiƙayi da wari da ciwon sanyi ne za su biyo baya. Mu kuma kun san yadda muka taso, abin da ya shafi jinin al'ada ba a shanya shi a igiyar tsakar gida inda baba zai wuce, yayye maza za su wuce, ga gidan haya mai ɗaki goma kowa na kallon igiyar kowa. Ga kuma tsoron da iyaye ke sa wa yara cewa in wani ya ɗauki ƙyallen zai yi miki asiri ki kasa haihuwa, ko aljanu su shafe ki. Don haka sai yarinya ta wanke cikin dare ta tura ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ko ta rataya a ƙusa cikin banɗaki mai danshi. Da hunturu da bazara abin da sauƙi, iskar kanta tana busarwa cikin 'yan awanni, amma da damina a watan Agusta doguwar nan mai kauri tana iya yini guda cur ba ta bushe ba, guda biyar ɗin sai su kasa zagayowa.

Abin da ya ɗan taimaka mana shi ne kiran iyaye mata. Mun tara su a wani aji ranar Asabar, babu namiji ko ɗaya, muka zuba kayan a tebur kowa ta taɓa ta juya. Wata dattijuwa da ke riƙon jikarta ta ɗaga ɗaya ta ce yo Malama ai wannan kunzugunmu ne na da aka yi wa gata, aka yi dariya, daga nan kowa ta saki jiki. Ita ce ma ta kawo dabarar da muke koya wa yara yanzu, a shanya a igiya sai a yafa tsohon ɗankwali marar kauri a kai a kama da abin shanya, rana na ratsawa iska na shiga kuma mai wucewa ɗankwali kawai zai gani. Wata kuma ta ce ita a kan rufin kwanon ɗakin girki take shanya wa 'yarta da hantsi bayan maza sun fita. In uwa ta karɓi abin toh ya zauna, in ba ta karɓa ba ko saiti goma kika ba yarinya a ƙasan akwati zai ƙare. Masu cewa a goge da dutsen guga don ta ƙarasa bushewa, a yi hankali, ta saman kawai kuma ba da zafi sosai ba, shafin ƙasan yana narkewa.

Shin fashin ya ragu? A ajina ya ragu, ina gani a rajista, yaran da na san suna ɓacewa duk wata yanzu akasarinsu suna zuwa, wata ma da ta kusa barin makaranta ita ce ta zo ta uku a jarabawar da ta wuce kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗi har cikin raina. Amma bai ƙare ba, kuma dalilan da suka rage ba na auduga ba ne. Na farko ciwon mara, akwai yaran da ke murƙususu a kan benci suna hawaye, wannan ba ƙyalle ne zai magance shi ba, sai magani da ɗan wurin kwanciya, mu kuwa ko akwatin taimakon gaggawa mai kaya a ciki ba mu da shi. Na biyu banɗaki. Ɗalibai sun fi dubu, banɗakunan da ke aiki ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, biyu babu ƙofa, babu ruwa a ciki sai an ɗebo a buta daga rijiyar burtsatse in tana aiki. Ta yaya yarinya za ta tsaya ta cire ta naɗe ta sa wata a wurin da ƙawarta ce ke tare mata ƙofa da hijabi? Da yawa sai su ƙi canzawa har a tashi, awa shida da abu ɗaya a jiki, wanda ba shi da kyau ko da wace irin auduga ce.

Wannan ba a makarantarmu kaɗai aka gani ba. Masu bincike daga jami'ar Oxford sun yi gwaji a makarantu takwas a gundumar Kamuli ta ƙasar Yuganda, aka wallafa a 2016, wasu makarantun aka ba su auduga mai wankewa ta kamfanin AFRIpads, wasu aka koya musu darasin balaga kawai, wasu aka haɗa musu duka, wasu ba a ba su komai ba. Inda ba a yi komai ba fashi ya fi yawa sosai, amma abin lura shi ne inda aka yi darasi kawai ma an samu sauƙi kusan kamar inda aka raba kaya. A ƙasar Nepal kuma wani bincike da ya fito a 2011 ya tarar raba kayan al'ada bai canza zuwan yara makaranta da wani abin kirki ba. Ni abin da na fahimta a nan, kuma ya yi daidai da abin da idona ya gani, shi ne zaman da muka yi da yaran muna gaya musu wannan ba cuta ba ce ba kuma abin kunya ba ne, muna koya musu lissafin kwanakinsu don kar ya zo musu ba shiri, da hukuncin wanka da salla wanda dama suna ji a Islamiyya amma ba sa iya tambaya, wannan zaman ya yi aiki daidai da kayan da muka raba. Akwai yarinyar da ranar da ta fara gani ta ɗauka ciwo ta ji, ta yini tana kuka ba ta gaya wa kowa ba.

Kuma gaskiya bai kamata a ce albashin malamai ne ke ɗaukar wannan ba. Kenya ta cire haraji daga audugar mata tun 2004, a 2017 kuma shugaban ƙasar na lokacin Uhuru Kenyatta ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa gwamnati raba auduga kyauta ga 'yan mata a makarantun gwamnati, duk da su ma ana kukan ba ta isa ko'ina. Sikotland ta yi dokar ba da ita kyauta ga duk mai buƙata a 2020. Mu nan sai 28 ga Mayu ta zagayo, ranar tsaftar al'ada ta duniya, a zo da kwalaye a raba fakiti ɗaiɗai a yi jawabi a tafi, fakitin ya ƙare a wata ɗaya, watan gaba yarinya ta koma gidan jiya. Ina roƙon masu ruwa da tsaki a shirin AGILE na Bankin Duniya, tunda Kano na cikin jihohin da ke ciki kuma karatun 'yan mata ne aikinsa, duk makarantar da za a gyara a fara da banɗaki mai ƙofa da sakata da ruwa.

Su kuma matan da suka yi mana ɗinkin, mu'amalarsu ta yi min daɗi. Shugabarsu Hajiya ce mai haƙuri, ta zo da kanta ranar rabo ta nuna wa yara yadda ake maɓallewa da naɗewa ba ta karɓi ko kuɗin mota ba. Inda zan yi ƙorafi, sun saɓa mana lokaci da kusan mako biyu saboda rashin wuta da tsadar yadin ƙasan wanda ba a nan ake yin sa ba, sannan a kashin farko an samu waɗanda maɓallinsu ya cire bayan wanki kaɗan, wasu kuma ɗinkin bakin ya fara warwarewa. Da na mayar na ce Hajiya ga abin da ya faru, ta ce Malama kawo su duka, ta canza ba tare da musu ba, kashi na biyu kuma an ninka ɗinkin bakin. Babu takardar bayani a cikin saitin, wannan ma na gaya mata, ya kamata a sa 'yar takarda da Hausa da zane mai nuna wanki da shanya domin ba kowace mai saye ce za ta samu mai yi mata bayani ba.

In maki zan ba audugar ina ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda kauri da jinkirin bushewa da damina. Ga makarantar kwana inda babu maza kuma akwai igiyar shanya a bayan hostal, ina ganin za ta fi ma yi musu aiki fiye da mu, in dai akwai ruwa. Ga yarinyar da gidansu babu halin shanya ko kaɗan, ko lokacin jarabawa da tafiya, a haɗa mata da fakiti ɗaya na kanti ta ajiye. Kuma kar a bari 'yan gida ɗaya su riƙa karɓa-karɓa da saiti ɗaya, kowa da nata, mun samu ya da ƙanwa suna haka sai da muka ƙara musu.

Odar da za mu bayar ta gaba mun ce a yi mana guda shida maimakon biyar, a rage kaurin doguwar a mai da tawul ɗin tsakiya mai zarewa don a shanya shi daban ya fi saurin bushewa, Hajiya ta ce za ta gwada ta kawo mana samfuri. Da kamfai biyu da sabulu sanda ɗaya da ƙaramin bokiti mai murfi, lissafinmu ya kama wajen naira 7,500 kan kowace yarinya, kuma 'yan aji ɗaya ne a layi wannan karon in sha Allahu.